Hayaƙin Gidan Dosinda

A Fraguela ba kawunan mutane ake ƙirgawa ba, hayaƙi ake ƙirgawa. Dajin da ke kan tudu na gari ne baki ɗaya, kuma tun kaka da kakanni ƙa'idar guda ce: gidan da ke buɗe, hayaƙi na fita daga bututunsa wata goma a shekara, shi ke da baki a maganar daji. Gida ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Ko kakanka ne ya sari garin, ranar da murhunka ya huce an share sunanka daga littafi.

Gida goma sha ɗaya ke hayaƙi kafin gobarar watan Agusta. Wutar ta taso ne daga gandun itacen turare da kamfanin takarda ya shuka a tudun maƙwabta. Ta tsallako rafi, ta hau unguwar sama, ta lashe gida huɗu kafin a gama kaɗa ƙararrawar coci. Sai da ta zo bakin kurmin kastanya sannan ta rusuna, domin tsofaffin itatuwan nan ƙarƙashinsu da danshi ko da tsakiyar rani. Ba don su ba, da garin duka ya tafi.

Sabela Outeiro tana birnin Santiago a lokacin, wata uku da fara aiki a ofishin wani lauya. A waya ta ga abin da ya rage na gidan kakarta Dosinda, inda ta girma: bangon dutse baƙi ƙirin, da bututun hayaƙi tsaye shi kaɗai kamar yatsan mai rantsuwa. Tsohuwar ta tsira da rigar jikinta, aka kai ta wurin 'yarta Olimpia, uwar Sabela, a hawa na uku na wani bene a birnin Ourense.

Ranar sha biyar ga Oktoba wayar Sabela ta yi ƙara. Eladio ne, tsohon kafintan garin, wanda ke yi wa waya ihu kamar yana kiran saniya daga hayi.

"'Yar nan, Secundino ya share ku daga littafi. Ku huɗun duka."

"A kan me?"

"Wai babu hayaƙi."

"Baba Eladio, hayaƙin gidanmu ai har daga Portugal an hango shi."

"Ya ce wannan ba ya cikin lissafi."

Secundino shi ne shugaban kwamitin daji. Ya zo da takardar kamfani, a ba su hayar tudun gaba ɗaya har shekara talatin, da kurmin kastanya da idon ruwan da ke ƙasansa, su sare su shuka turare. Za a kaɗa ƙuri'a a taron shekara, ranar sha shida ga Agusta, washegarin bikin Uwa Maryamu. Gida bakwai suka rage: huɗu na tare da shi, uku ba sa so. Sauran iyalai ukun da wuta ta kora tsofaffi ne, 'ya'yansu sun kwashe su, ba mai dawowa. Amma in gidan Dosinda ya yi hayaƙi, an yi kunnen doki, huɗu da huɗu, kuma a ƙa'idar gari kunnen doki ba ya taɓa daji.

Sabela ta ƙirga da yatsu. Wata biyun da ƙa'ida ta yi rangwame, gobara ta riga ta cinye su. Daga gobe zuwa ranar taro wata goma ne cif, babu kwana ɗaya na rara.

Da la'asar tana Ourense. Ta tarar da kakarta zaune a bakin taga tana kallon motoci kamar wadda aka ajiye aka manta.

"Kin ajiye aikin?" in ji Dosinda. "Duk bokon nan da muka sayar da maruƙa muka biya, ƙarshensa hura wuta?"

"Ke ce ba ki iya riƙe gida ba, tsohuwa, sai da kika bari ya ƙone."

"Rufe min baki, mara kunya."

Ta sa hannu a ƙirji ta zaro makulli ɗaure da zare. Ba na gida ba ne, gidan ba shi da ƙofa yanzu. Na rumbun dutse ne da ke bayan gida a kan ƙafafunsa shida, wanda wuta ta kewaye ta bari.

"Akwai dankali da wake a ciki. Akwai kuma katakona. Ki ci dankalin, ki bar min katakon."

Duk Fraguela an san katakon Dosinda. Guda takwas ne, na itacen kastanyar da ubanta ya shuka ranar da aka haife ta. Mijinta da Eladio suka tsaga shi shekara ashirin da suka wuce, ita kuma kowace kaka sai ta fito da shi ta shafe da mai ta mayar. Na akwatin gawarta ne.

"Ba za a sa ni a akwatin shago ba," ta ce. "Garin itacen turare ne da gam, an shafa masa fenti. Itacen da ya cinye min gida ba zai kwanta da ni ba. Ki ce kin ji."

"Na ji, Kaka."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari."

Washegari da hantsi hayaƙi ya tashi daga unguwar sama.

Kicin ɗin gidan ƙuntatacce ne, taku biyu da rabi daga bango zuwa bango, an gina shi a jikin babban ɗaki. Nan Sabela ta share toka, ta ja tamfol a sama ta danne da duwatsu, ta ajiye katifa kusa da murhu. Ruwan Nuwamba ya zo ya zauna, sati uku ba ta ga rana ba. Tamfol ɗin yakan cika ya yi ciki kamar saniya, ta tura da sanda ruwan ya kwararo mata a wuya. Yatsunta suka tsage. Littattafan shari'ar da ta zo da su suka kumbura suka yi funfuna.

Ruwa ba shi ne babban abin ba, itace ne. Wanda ba ya cikin littafi ba ya ɗaukar ko tsinke a dajin gari, kuma Secundino ya tuna da wannan ƙa'idar da kyau, har ya rage rabon kowane gida, wai gobara ta ci itace. Sabela ta fara da azarar gidansu da ta ƙone rabi. Da ta ƙare, gidaje ukun da ke goyon bayanta suka shiga tono. Eladio ya kawo tsohon amalankensa, ya tsaya yana kallo tana faskara ƙafafun. Wata gwauruwa ta kawo ƙyauren garkenta. Na ukun ya kawo gadon uwarsa da mazubin inabi. Kowace safiya Sabela takan hura wuta, ta ɗora danyen ganye a kai don hayaƙin ya yi kauri, ta fito ta tsaya inda za a gan ta daga hayi.

Domin a hayin rafi akwai tagar Erundina. Shekara sittin ke nan matar nan tana buɗe taga da safe ta ƙirga hayaƙin gari kafin ta sha kofi. Mutum biyar ita ta fara sanin mutuwarsu, don ba ta ga hayaƙinsu ba. Ƙawar Dosinda ce tun suna 'yan mata masu kiwon tumaki, amma ɗanta direban babbar mota ne a kamfanin, kuma ƙuri'arta na wurin Secundino. Sabela takan ɗaga mata hannu. Erundina ba ta taɓa mayarwa ba, sai dai ta ja labule.

Da rana Sabela takan yi rubutu, ta ɗora takarda a gwiwa. Ta rubuta wa kowane ofis da ta san yana da hannu a maganar daji. Ta kawo sashe da aya, ta nuna cewa ba a kore mutum da gobara sannan a hukunta shi da rashin gida. Amsa biyu ta samu cikin wata huɗu. Ta farko ta ce maganar littafi ta 'yan gari ce. Ta biyun ta ce an karɓi takardarta.

A Janairu, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Secundino ya hawo da sandarsa ya tsaya a inda ƙofa take a da.

"Lauya, barka da hutawa. Ofis ya yi kyau, sai dai rufin."

"Iska muke so, Baba Secundino. Shigo ka sha hayaƙi, tunda shi ka zo dubawa."

Bai shigo ba. Ya dubi katifar, ya dubi tukunyar romon kabeji, fuskarsa ta sauya kaɗan.

"Yarinya, ni ba mugu ba ne. Shekara hamsin ina share dajin nan da lauje. Yanzu wa zai share? Eladio da ba ya iya ɗaura takalminsa? Ƙaramin cikinmu shekararsa sittin da takwas. Kamfani zai ba kowane gida abin da ya fi fanshona. Ke kina da inda za ki koma, mu fa?"

"Gidanka na bakin titi, Baba, inda motar kashe gobara ke tsayawa. Gidajenku huɗun duka a ƙasa suke. Wuta kuwa daga sama take farawa. Masu karɓar kuɗi a ƙasa, masu ƙonewa a sama, kuma da zarar mun ƙone sai a ce ba mu da baki. Wa ya tsara wannan?"

"Kakanninki suka tsara."

"Kakannina ba su san turare ba."

Ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Kwana ɗaya, lauya. Kwana ɗaya tak ki rasa."

Ba ta rasa ba. Ta yi zazzaɓi a Fabrairu, ta riƙa rarrafawa zuwa murhu tana hura wuta da idanu a rufe. Da bazara ta shigo, abin da ta gani a kan toka ya fi zazzaɓin ciwo: 'ya'yan turare ne, dubbai, iska ta kwaso irinsu daga tudun maƙwabta, sun tsiro a farfajiyar gidajen da suka ƙone, har a cikin ɗakin da aka haifi uwarta. Su dai ba na dajin gari ba ne, ba mai hana ta. Ta riƙa tumɓuke su tana shanyawa tana ƙonawa. Tufafinta da gashinta da burodinta duka suka koma warin turare.

Duk ranar Lahadi, bayan ta hura wuta, takan shiga motar ƙarfe goma zuwa Ourense ta dawo ta yamma. A watan Mayu ta tarar an kwantar da Dosinda a gado, rabin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Magana ta ɗauke. Idanu kaɗai suka rage, suna bin mutum.

Saura kwana biyar Yuni ya ƙare, Amaro ya zo. Malamin daji ne, ajinsu ɗaya da Sabela a firamare, tana yi masa lissafi yana ba ta rabin burodinsa. Ya cire hula yana murzawa.

"Sabela, daga ɗaya ga Yuli an hana kunna wuta a fili, kin sani, har ƙarshen Satumba."

"Na sani. Ni a gida nake kunnawa."

Ya ɗaga kai ya dubi tamfol.

"An kai ƙorafi. Gidan da ba rufi fili ne, in ji doka. Tamfol ba rufi ba ne, shi kansa makamashi ne. In na ga hayaƙi a nan ranar ɗaya ga wata, dole in kashe, in rubuta, in sa a tafi da ke."

"Kai, Amaro? Kai da ba don ni ba da har yau kana aji uku?"

"Shi ya sa na zo tun yau, ba ranar ba. Ki rufa kicin ɗin kawai. Katako da falalen dutse, kamar kowane gida a garin nan. Kwano ma an hana a tsohuwar unguwa, kar ki ce ban faɗa ba."

Falalen dutsen rufi tana da su, ta tsince su daga toka tun lokacin sanyi ta jera a jikin bango. Katakon da zai ɗauke su ne babu. Ta sauka wurin injin tsaga katako na kwari, na surukin Secundino ne, ya ce injin ya lalace, tana jin kukansa a bayansa. Ta buga waya gari, wuri uku. Tun gobara kowa katako yake nema, wanda ya fi sauri ya ce sati uku. Ta yi oda duk da haka. Ta nemi kwamiti ya ba ta izinin sare itace ɗaya, aka ce wanda ba ya cikin littafi ba ya sara. Babu hayaƙi sai da rufi, babu rufi sai da itace, babu itace sai da hayaƙi.

Ta je wurin Eladio. Suka zagaya gidajen nan uku ɗaki ɗaki. Duk wani katako mai tsawo da ke cikinsu, ita da kanta ta ƙone shi a murhu tun Janairu.

"Sai dai in cire rufin kaina in ba ki," in ji tsohon, "sai kuma nawa gidan ya zama fili."

Ba wanda ya ambaci rumbu. Makullin na rataye a wuyanta, yana taɓa mata ƙirji duk taku.

Ranar ashirin da takwas ta hura wuta ta shiga mota, ba Lahadi ba. Ta zauna a bakin gadon kakarta ta faɗa mata komai, da Amaro, da injin da ya lalace yana kuka, da faɗin kicin, taku biyu da rabi.

"Kaka, katakonki zai kai daga bango zuwa bango. Na auna. In kin yarda ki rufe ido sau ɗaya."

Idanun suka tsaya a kanta, ba su rufe ba, ba su kauce ba. Hannun da ke da rai ya taso a hankali ya kama wuyan hannunta ya matse, matsa mai ƙarfi irin ta mai tatsar saniya. Sabela ta jira. Ba ta san ko riƙon na ce mata je ki ba ne, ko na ce mata kar ki kuskura. Ta sake tambaya. Hannun ya ƙara matsewa, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, shi ke nan.

Olimpia na tsaye a bakin ƙofa, ta ji duka.

"In kika taɓa katakon nan," ta ce, "kar ki ƙara kira na uwa. Abu ɗaya ta roƙa a duniya. Ɗaya. Daji ya ci uban kowa, ita dai a bar mata akwatinta."

"Mama, in suka sare kurmi, wutar gaba har maƙabarta za ta ci, da ita da akwatin."

"Wannan maganar lauyoyi ce. Je ki faɗa wa alƙali."

Washegari da sassafe Sabela ta hau matakalar rumbu ta sa makulli. Katakon na jingine a lulluɓe da tsohon bargo, santsi kamar fatar jariri, yana ƙamshin man da aka shekara ashirin ana shafawa. Ta daɗe tsaye. Sannan ta ɗauki na farko a kafaɗa.

Eladio ya hawo ya tarar ta fito da huɗu. Ya cire hula.

"Ni na tsaga wannan da kakanki. Ni kuma na yi mata alkawarin haɗa shi. Ba zan sa masa hannu ba."

"To zauna ka yi kallo, Baba."

Ya zauna a kan dutse. Ta hau bango, ta ja katako, ta ɗora a karkace. Ta ɗauki ƙusa ta saita a bakin gefe. Ta ɗaga guduma, tsohon ya zabura.

"Ke! Za ki tsaga shi, 'yar banza! Kastanya ba a buga masa ƙusa a gefe sai an huda. Sauko, sauko ki ba ni wuri. In za a yi zunubi, a yi shi da kyau."

Kwana biyu suka yi. Tana ɗauko dutse yana nuna mata inda za ta ɗora, yana zaginta yana share hanci. Katako takwas ya rufe kicin ɗin, da kyar, ba ragowar ko taki ɗaya. Ranar ɗaya ga Yuli Amaro ya zo ya tsaya a ciki ya ɗaga kai. Ya gane katakon, kowa zai gane. Ya yi alamar gicciye a goshinsa, ya rubuta a takardarsa cewa gida ne, ya fita.

Dosinda ta rasu ranar sha tara ga Yuli. Katakon da aka yi odarsa daga gari ya iso kwana biyu bayan an binne ta.

An kawo ta Fraguela a akwatin shago, mai sheƙi, da hannuwa na roba da aka yi wa ruwan zinariya. Masu ɗauka huɗu suka ce ba su taɓa ɗaukar mara nauyi irinsa ba. Hanyar maƙabarta ta bi ta ƙasan unguwar sama, kuma duk wanda ke cikin rakiyar sai ya dubi akwatin, ya ɗaga kai ya dubi sabon rufin da hayaƙi ke fita ta kansa. Olimpia ba ta dubi 'yarta ba ko sau ɗaya. A bakin kabari Erundina ta ratso mutane ta tsaya gaban Sabela, gajeriya, baƙin mayafi har goshi.

"Tare muke da ita ranar da aka sare itacen nan," ta ce. "Allah ya isa."

Sabela ta juya. Ta koma gida ta zauna ƙarƙashin rufin ta yi kuka har wutar ta kusa mutuwa, sannan ta tashi ta ƙara itace.

Taron ya zauna a tsohuwar makaranta, inda ba a yi karatu ba shekara talatin. Tsofaffi bakwai a kan kujerun yara, gwiwoyinsu na taɓa ƙasan tebur. Mutumin kamfani na waje cikin motarsa, da takarda da biro a shirye. Sabela ta shigo ta zauna a kujera ta takwas.

"Kafin mu fara," in ji Secundino, "akwai wadda ba ta cikin littafi."

"Wata goma, Baba. Daga sha shida ga Oktoba zuwa safiyar yau."

"In ji ke. A Janairu an yi kwana tara ana hazo, ko hannunka ba ka gani. A Fabrairu kin yi ciwo. Wa ya ga hayaƙi? Ni dai ban gani ba."

"Kai ai ko gobarar ba ka gani ba sai da ta wuce," in ji Eladio.

"Ba da kai nake ba, tsohon ɓarawon akwati."

Aka kaure da hayaniya. Secundino ya buga tebur.

"A garin nan mutum ɗaya ke ƙirga hayaƙi, kuma duk mun yarda da ita. Abin da ta ce shi ke nan. Erundina, tsakaninki da Allah, kin ga hayaƙin gidan Dosinda kowace rana?"

Ya jingina da baya. Yana wurin binnewa, ya ji abin da aka faɗa a bakin kabari. Sabela ta dubi hannuwanta da suka tsage suka yi baƙi, ta ji sanyin Nuwamba ya dawo mata a baya. Wata goma, da amalanken Eladio, da akwatin kakarta, duka suna bakin matar da ta yi mata Allah ya isa.

Erundina ta gyara mayafi. Ba ta dubi kowa ba.

"Kwana taran hazo ban gani ba."

Secundino ya jawo littafi.

"Ban gama ba. Da ban gani ba, sai na ce ko yarinyar ta mutu. Na ɗauki sanda na tsallaka rafi, na hau har bayan rumbu, na shaƙa. Kwana tara ina hawa da gwiwoyin nan. Da hayaƙi. A Fabrairu ya makara kwana uku, amma ya fito. Ba ta rasa ko ɗaya ba." Ta juyo ta dubi Sabela. "Ban yafe miki ba. Kar ki ɗauka na yafe. Amma shekara sittin ban taɓa yi wa hayaƙi ƙarya ba, ba kuma zan fara don Secundino ba."

Aka rubuta sunan Sabela da biron Secundino. Aka ce masu son a ba da haya su ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi, na Erundina a ciki, ta ɗaga shi sama sosai. Aka ce waɗanda ba sa so. Huɗu.

A waje motar kamfani ta tayar ta juya.

Secundino ya rufe littafi a hankali, ya ɗaure shi da igiyarsa.

"Baɗi ma akwai taro, lauya. Eladio shekararsa tamanin da ɗaya. Ke kuma mu ga ko za ki sake cin wani sanyin a ramin nan."

"Yanzu ina cikin littafi, Baba. Gobe zan zo karɓar rabona na itace."

Ba wanda ya yi murna. Eladio ya dafa kafaɗarta ya miƙe da kyar, suka fito. Ta duba waya, babu kira daga Ourense, kamar yadda ba a yi ba tun ranar binnewa. Ta bi hanyar kurmi ta tsaya a idon ruwa ta sha da hannu. 'Ya'yan kastanya sun fara ɗaurawa a sama, kore shar cikin ƙayarsu. A bakin kurmin, inda toka ta tsaya, turare guda uku sun tsiro har gwiwa. Ta tumɓuke su ta saɓa a kafaɗa.

A gida ta tarar garwashin safe da sauran rai. Ta durƙusa ta hura. Da zafi ya hau sama, katakon ya fara sakin ƙamshin man nan, kamar yadda yake yi kowace rana, ƙamshin hannun Dosinda a lokacin kaka. Hayaƙi ya riga ya fara baƙanta biyu na kusa da bututu. Sabela ta ɗaga kai ta dube su.

"Har yanzu ban san abin da kika ce ba, tsohuwa," ta ce.

Ta ɗora danyen ganye a kan wuta, ta fito ta tsaya inda za a gan ta daga hayi. Tagar Erundina a buɗe take. Sabela ba ta ɗaga hannu ba, ita ma matar ba ta ɗaga ba, amma labulen bai motsa ba sai da hayaƙin ya miƙe ya wuce kan rumbu.